Gudun Tsoro da Gudun Horo

Karatu: 1 Korintiyawa 9:24-27, Ibraniyawa 12:1-3



A ƙasarmu babba ba ya gudu sai da dalili. In aka hangi magidanci ya sheƙa a guje, abin da za a fara tambaya shi ne me ya koro shi. Ran da muka fara fita da sassafe tare da waɗansu samari na Ikilisiya, muka kama hanyar Makera daga Dutsin-Ma muna sassarfa, wani dattijo da ke dawowa daga sallar asuba ya ja ya tsaya, ya ɗaga sandarsa, ya ce, "Fada, lafiya? Su ne?" Samarin suka yi dariya, amma dattijon bai yi ba. Tun wajen shekarar da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta, wato 2019, ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari suka san gudun dare, da goyo a baya, ba takalmi. Da yawa cikin masu karanta wannan takarda sun yi irinsa. Muka ba dattijon haƙuri, muka gaya masa likita ne ya ce hawan jini ya fara kama mu, ya kuma umarce mu da motsa jiki. Samarin kuwa suna shirin shiga tseren rabin maraton ne.

Rabin maraton gudun kilomita 21 ne da ɗan ɗoriya da ba ta kai mita 100 ba, wato rabin cikakken tseren da ke da kilomita 42 da mita 195. An fara babban tseren birnin Legas a 2016, Kaduna kuma ta yi nata na kilomita 21 a watan Nuwamba na 2020. Gwanayen Kenya da Habasha da Uganda sukan gama wannan nisa cikin ƙasa da sa'a guda. Ɗan koyo irinmu, mai gona ko kasuwa ko aji a gabansa, yakan ci sa'a biyu ko biyu da rabi, wani ma ya kai uku, ya iso an riga an raba kyaututtuka. Ya san haka tun kafin ya fara, amma ya shiga. A kan wannan mutum muke so mu yi tunani, gama shi ya fi kama da mu.

Bulus Manzo ya san sha'anin 'yan tsere. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 18, ya nuna ya zauna a Korinti shekara ɗaya da rabi, yana ɗinkin tanti tare da Akila da Biriskila. Kusa da birnin ake yin wasannin Istimiya sau ɗaya a shekara biyu, ladan wanda ya ci kuwa rawanin ganye ne da ke bushewa. A Olimfiya ma sai ɗan wasa ya rantse ya yi horo na wata goma kafin a karɓe shi. Saboda haka da Bulus ya rubuta wa Korintiyawa a kan tsere, ranar tafi da kirari bai daɗe a kanta ba. Ya tsaya ne a kan kamun kai, har ya faɗi tsoronsa a fili: kada shi da ya yi wa waɗansu wa'azi a same shi bai cancanta ba. In Manzo ya ji wa kansa wannan tsoro, ina ga firist na ƙauye?

Mai gudun tsoro yana zuba ƙarfinsa duka a dakika ta farko, ba ya waiwaye, ba ya jiran kowa, kuma ba ya nisa. Ba ma ganin laifinsa, haka Allah ya yi jiki domin ceton rai. Amma wanda ya shiga kilomita 21 da irin wannan gudu, kafin ya ci uku ya zube. Mu da kanmu muka ɗanɗana. A mako na farko girman kai ya hana mu barin yara su wuce mu, muka bi su kafaɗa da kafaɗa, sai ga Fada a gindin dalbejiya yana haki kamar wanda aka shaƙe, Lahadin da ta biyo kuwa da ƙyar gwiwa ta yarda ta durƙusa a gaban bagade.

Ka'idar masu horo ba ta da wuyar ganewa, riƙe ta ne da wuya. Ana shiri na wajen mako 12, ga wanda ya riga ya iya gudun kilomita biyar. A fita sau uku ko huɗu a mako, ɗaya daga ciki ya zama mai tsawo, a riƙa ƙara nisa da kaɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma a kan na makon jiya, har doguwar fitar ta kai kilomita 16 ko 18. Yawancin gudun a yi shi a hankali, yadda mutum zai iya magana da na kusa da shi ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ranar hutu tana cikin horon. Gudu yana gajiyar da tsoka, a lokacin hutu ne take gyaruwa ta ƙara ƙarfi, wanda ya ƙi hutawa kuwa ciwo ne zai hutar da shi dole. Ashe wanda ya ba mu Asabar ya san jikin da ya halitta. A makon ƙarshe ma rage gudu ake yi, ba a kuma sa sabon takalmi ranar tsere, sai wanda ƙafa ta saba da shi, ko da na gwanjo ne. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu ɗan ratse, domin rai ba abin wasa ba ne. Duk wanda ya haura arba'in, ko yake da hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko sikila, ya ga likita tukuna. A Maris da Afrilu zafin ƙasar Katsina yakan wuce digiri 40, gudun rana a lokacin ganganci ne. Sanyin hunturu ya fi dacewa, sai dai ƙura. A sha ruwa, a ɗan kurɓi koko kafin doguwar fita. Tun ranar dattijon nan kuma muka daina fita kafin gari ya waye, muka bar hanyar daji, muka koma zagaya filin makaranta da titunan cikin gari, ba ma barin kowa ya fita shi kaɗai.

To, ina wannan ya shafi bangaskiyarmu? Mu dubi majami'unmu da gaskiya. Duk lokacin da aka kai hari kusa, Lahadi mai zuwa ba wurin zama, ana Rosari da hawaye, layin masu furta zunubi har waje. Bayan mako uku da samun sauƙi, benci ya koma fayau. Allah yana jin kukan mai tsoro, Zabura cike take da irinsa, kada wani ya ji kunyar gudowa wurin Ubansa. Amma addu'ar da tsoro kaɗai yake tayar da ita, ran da tsoro ya kwanta ita ma takan kwanta. Haka ajin masu shirin baftisma: a fara da mutum talatin, damina ta faɗi, aikin gona ya taso, katekis ya waiga ya ga goma. Haka azumi: Laraba ta Toka mutum ya ɗauki alkawari bakwai, kafin Lahadi ta biyu ya sauke su duka, ya kuma ce shi ba na Allah ba ne. Da ya ɗauki ɗaya ya riƙe ta kwana 40, da ya fi masa. Goma ɗaya ta Rosari kowace yamma tare da yara ta fi kwanan addu'a sau ɗaya a shekara.

Akwai wani Brada ɗan ƙasar Ayalan, Colm O'Connell, wanda ya je makarantar Waliyyi Patrick da ke Iten a Kenya a 1976 domin koyar da labarin ƙasa. Bai je da sanin horar da 'yan tsere ba, a can ya koya, yana kallon yara yana haƙuri da su. Daga hannunsa David Rudisha ya fito, wanda ya kafa tarihin duniya a tseren mita 800 a Landan a 2012. Tsakanin zuwan malamin da wannan rana akwai shekara 36. Mu kuwa dayosis ɗinmu jaririya ce. A watan Oktoba na 2023 Paparoma Francis ya yanke Katsina daga Sakkwato, a Disamba na shekarar aka naɗa Bishof Gerald Mamman Musa. Muna kilomita na farko ke nan, inda ƙafa take da zafi, kowa yana so a gina komai a shekara guda, in ba a gina ba a fara gunaguni. Majami'ar da aka ɗora bulo hamsin hamsin bayan kowace kaka za ta kai rufi, mun ga kuwa harsashin da aka haƙa da ganga da rawa, ciyawa ta cinye shi.

Masu tsere sun ce wahalar rabin maraton tana jira ne wajen kilomita 16 zuwa 18. A nan abincin da tsoka ta ajiye ya yi ƙasa, 'yan kallo sun ragu, ƙarshe bai bayyana ba, zuciya kuma ta fara raɗa wa mutum cewa ba wanda zai zarge shi in ya tsaya. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa an rubuta ta ne ga mutanen da suka kai irin wannan wuri, waɗanda aka ƙwace wa dukiya, waɗansunsu har sun fara barin taron 'yan'uwa. Marubucin ya tuna musu da taron shaidu da suka riga su, ya ce su sauke kayan da ke nauyaya su, su kafa ido ga Yesu wanda ya jure gicciye. A cikinmu akwai waɗanda ke nan yanzu: gwauruwar da aka kashe mijinta a gona, magidancin da ya sayar da shanu ya biya kuɗin fansa, matashin da ya gama jami'a a Dutsin-Ma shekara huɗu ba aiki. Gaya wa irin waɗannan su ƙara sauri zalunci ne. A tsere an yarda mutum ya koma tafiya, ya ja numfashi, ya sake ɗagawa, har yanzu yana cikin tsere.

Abin da muka gani wurin samarin nan ya koya mana sauran. Akwai ɗaya mai jiki a cikinsu, kullum shi ne na baya. Ran da suka fara kai kilomita 15, ya tsaya ya dafa gwiwa ya ce shi kam ya gama. Wanda ya fi su duka sauri, wanda ya riga ya kai, ya juyo da gorar ruwa, ya jera da shi, bai yi masa wa'azi ba, suka tako tare har ƙarshe. A gudun dare ba a iya yin haka, shi ya sa waɗanda suka tsira da yawa suke ɗauke da nauyin waɗanda suka bari a baya. A Ikilisiya kuwa muna da lokacin juyowa.

Saboda haka muna roƙon kowane katekis ya buɗe littafin ajinsa, ya fitar da sunayen waɗanda suka fara shirin baftisma suka daina, ya ba shugabannin Zumuntar Mata da na matasa. Shugabannin majami'u kuma su rubuta iyalan da suka yi ƙaura zuwa cikin Dutsin-Ma ko Katsina saboda hare-hare, waɗanda ba a ƙara ganinsu a Misa ba. A je musu biyu biyu kafin Laraba ta Toka, ba da faɗa ba, a gaishe su, a ji abin da ya tsayar da su. Wanda kuɗin mota ne ya hana shi zuwa, a sanar da ofishin Fada.