Gudun Ya Da Ƙanin Wani, Ko Gudun Ta Da Shi?

Ya ku 'yan makaranta masu karanta wannan shafi, yau ina so mu zauna mu auna wata magana da ta taso mini a bakin aji, wadda har yanzu ban daina juya ta a raina ba.

A daminar 2022 ruwa ya yi gyara a Jihar Jigawa, irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Gidaje suka rushe, gonaki suka nutse, aka rasa rayuka. A nan ƙasar Kafin Hausa, garin Balangu na cikin waɗanda abin ya taɓa ƙwarai. Ran nan, bayan an tashi, sai ga waɗansu yara na babban aji sun tsaya mini a ƙofa. Babbansu ya ce, "Malam, mun zo da shawara. Muna so mu yi gudu mai nisa. Kowa ya yi mana alkawarin abin da zai bayar bisa kowane mil da muka ci, mu tara, mu kai wa waɗanda ruwa ya kora."

Kafin in buɗe baki, sai wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ke zaune gindin darbejiya yana tufkar igiya, ya yi dariya ya ce, "Kai, zamani! Mu dai a saninmu mutum ba ya gudu sai ana korarsa ko yana kora. Malam, in tambaye ka. Gudun nan hatsi yake haifarwa? Mai niyyar bayarwa ai sai ya bayar, ba sai ɗan wani ya kumbura ƙafa ba. Sa'an nan kuma, yaushe aka fara sadaka da ganga? Mu abin da aka hore mu da shi, in za ka bayar, ka ɓoye."

Na ce, "Baba, maganarka tana da nauyi. Ka ba ni kwana biyu in yi tunani." To, ga abin da tunanin ya haifar.

Da fari bari mu san asalin abin. Ana ba da labari cewa shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Girka suka ci yaƙi da Farisawa a wani fili da ake kira Maraton, sai wani manzo ya sheƙo da gudu har birnin Atina, ya faɗi albishir, ya faɗi matacce. Don tunawa da wannan labari aka ƙago tseren da mu Hausawa muke kira gudun famfalaki, ko gudun ya da ƙanin wani. Tsawonsa mil 26 ne da yadi 385, watau kilomita 42 da 'yan kai, kamar yadda aka auna shi a wasannin Olamfik na Landan a 1908. Da can tsere ne kawai na neman suna. Daga baya mutane suka ɗaura masa neman taimako. Gudun birnin Landan na shekara-shekara, wanda aka fara a 1981, ya tara wa ƙungiyoyin taimako fiye da fam miliyan 1,000.

Amma wanda labarinsa ya fi dacewa da tambayar Baba shi ne wani saurayi ɗan ƙasar Kanada, sunansa Terry Fox. A 1977, yana ɗan shekara 18, likitoci suka sami ciwon daji a ƙashin ƙafarsa ta dama, suka yanke ta sama da gwiwa. Zaman da ya yi yana jinya ya nuna masa wahalar da masu irin wannan ciwo ke sha, har da ƙananan yara. Da ya sami sauƙi sai ya ƙudura zai ratsa ƙasarsu da gudu, daga teku zuwa teku, da ƙafar roba, don a tara kuɗin binciken magani.

Ran 12 ga Afrilu, 1980, ya tsoma ƙafar robar a tekun Atlantika a birnin St. John's, ya kama hanya, abokinsa na biye da shi a mota. Kullum yana cin kamar mil 26. A makonnin farko ya sha iska da ruwa da sanyi, masu tarbarsa kuwa kaɗan ne, har a wani yanki direbobi suka riƙa ture shi gefen hanya. A wani gari mai mutum 10,000 aka ba shi sama da dala 10,000, daga nan ya sa wa ransa samun dala guda daga kowane ɗan ƙasa, su kuwa a lokacin miliyan 24 ne. Ran 1 ga Satumba, bayan kwana 143, kusa da garin Thunder Bay, numfashi ya gagare shi. Ashe ciwon ya kai huhu. Ya ci mil 3,339. Don ku gane nisan, hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano kamar mil 700 ce, watau ya yi ta kusan sau biyar ke nan, da ƙafa guda.

Sa'ad da ya tsaya, abin da aka tara bai kai dala miliyan 2 ba. Amma da labarin ya bazu, sai hannuwa suka buɗe, har a watan Fabrairu na 1981 aka cika dala miliyan 24 da ya yi fata. Ya rasu ran 28 ga Yuni, 1981, yana ɗan shekara 22. Tun daga wannan shekara ake gudu da sunansa kowace shekara a ƙasashe da dama, an kuwa tara fiye da dala miliyan 800 ta Kanada.

To, mu koma ga tambaya ta fari. Gudu yana haifar da hatsi? Lalle ba ya haifarwa. Kuɗin da aka ba Fox duk suna cikin aljihun mutane tun kafin ya ɗaga ƙafa, ciwon daji kuma ba baƙo ba ne gare su. Me ya hana su bayarwa tun da fari? Abin da ke hana mu duka. Kunne ya saba da jin kuka, har ya zama kamar kukan kurciya da rana tsaka, ana ji ba a kulawa. Roƙo da baki kuma abu ne mai araha, gama mai gaskiya da maƙaryaci duk kalmomi guda suke faɗi, mai bayarwa ya rasa wanda zai gaskata. Amma wanda ya ce, "Ga jikina, zan wahalar da shi a gabanku saboda wannan abu," ya ajiye jingina wadda maƙaryaci ba ya son ajiyewa. Gani ya kori ji. Gumin mai gudu shi ne shaidarsa.

Mu ma ai ba baƙin wannan dabara ba ne. Ku dubi gayya. Makaɗin da ke bin manoma da ganga bai sari ƙasa ko sau ɗaya ba, amma wa zai ce ba shi da hannu a kunyar da aka tayar? In ya yi shiru sai ka ga garma ta yi nauyi. Mai gudun taimako makaɗin gayya ne, sai dai shi da tafin ƙafarsa yake kiɗin, gonar da ake nomawa kuwa ta wanda ba shi da ƙarfi ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai an sami mai kira kafin hannuwa su taru.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, watau batun riya. Malaman addini, na Musulmi da na Kirista, duk sun yabi sadakar ɓoye, sun kuma tsoratar da mai yi don a gani. Ban isa in ja da wannan ba. Amma bari mu tambayi kanmu, don me aka so a ɓoye? Ni a ganina dalili biyu ne. Ɗaya don a tsare zuciyar mai bayarwa daga girman kai, ɗaya don a rufa asirin mai karɓa.

Ku lura da na biyun. Wace sadaka ce ta fi cin mutunci? Ita ce wadda za a tara mabukata a jera su a rana, a miƙa wa kowa mudu guda, a ce ya ɗaga kai a ɗauki hoto. Magidancin da bara yake cika rumbu, bana ruwa ya mai da shi mai miƙa hannu, ga shi kuma an nuna wa duniya fuskarsa. A gudun taimako kuwa idon jama'a yana kan mai gudu. Shi ake kallo yana haki, shi ake wa dariya in ya faɗi, wanda za a kai wa taimakon yana ɗakinsa ba wanda ya san shi. Mai gudu ya ɗauke wa mabukaci kunyar roƙo ya aza a kansa. In an bi ta wannan hanya, gangar da Baba ke ƙi ita ce ta zama mayafi.

Saura na farkon, tsaron zuciya. A nan ba ni da ikon wanke kowa, gama zuciya ba ta da taga. Mai bayar da dukiyarsa yana iya ɓoyewa, ya kuwa fi masa. Mai tara ta jama'a ba shi da halin ɓuya, don haka hatsarinsa ya fi yawa, sai ya riƙa bincikar kansa. Ga ma'auni guda da na ba yarana. Ka tambayi ranka, in ka waiwaya ka ga ba kowa a bakin hanya, za ka ci gaba? Fox ya yi makonni yana gudu a hanyoyin da ba mai tafa masa, bai juya ba. Da suna ya zo, kamfanoni suka nemi ya yi musu talla, ya ƙi, don kada a ce ya ci riba da abin. Gudun da ake yi da sunansa ma ba tsere ba ne, ba na ɗaya ba na ƙarshe, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya yi tafiya.

Akwai kuma tambaya ta uku wadda Baba bai yi ba, ni na yi wa kaina, ita ce ta amana. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, wani tsohon soja a Ingila, Kyaftin Tom Moore, mai shekara 99, ya yi alkawarin zagaya lambun gidansa sau 100 yana dogara keken tafiya, don ya tara fam 1,000 saboda ma'aikatan asibiti. Aka tara masa fiye da fam miliyan 32, kuɗin kuma suka isa inda aka nufa. Amma daga baya aka kafa wata gidauniya dabam da sunansa, kuma a 2024 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin taimako a can ta bayyana cewa waɗansu masu riƙe da ita sun amfani kansu da sunan tsohon. Kun ga, gaskiyar mai gudu ba ta wanke mai riƙe da jaka. Taimako bai cika ba sai ya shiga hannun mai shi, kuma ranar da jama'a suka gane an ci amanarsu, sun rufe hannu ke nan har ga mai gaskiya na gobe.

Kada kuma mu ɗauki gudu ya fi ƙarfinsa. Ba ya gina madatsar ruwa, ba ya share kacalar da ta toshe hanyoyin kogin Haɗejiya. Wannan aikin hukuma ne, gudun yara kuwa bai sauke mata shi ba, kamar yadda bai sauke wa mawadaci zakkarsa ba. Iyakarsa ya tsai da yunwar yau, ya kuma tuna wa masu barci cewa akwai waɗanda ke kwana a ajin makaranta don ba su da ɗaki.

Da kwana biyu suka cika na tara yaran, na ce na yarda, bisa sharaɗi. Kowa ya nemi izinin iyayensa, a fara koyo sannu-sannu, a fita da sanyin safiya da ruwan sha, gama ba a gyara ɓarna da wata ɓarna. Kada kwabo ya kwana a aljihun mai gudu. A zaɓi dattawa biyu su riƙe kuɗin, a rubuta kowane alkawari a littafi, a karanta lissafin a gaban jama'a. Ba kyautar na ɗaya. Kuma a kai taimakon da dare, ta hannun mai unguwa, ba tare da an ambaci sunan kowa ba.

Sa'an nan na je wurin Baba na zayyana masa duka. Ya yi shiru yana murza igiyarsa, can ya ce, "To, Malam, na ji. Ni dai har gobe sadakar ɓoye ta fi kwanta mini. Amma tun da kun ce dattawa za su riƙe jaka, sa ni ciki, in ga wanda zai taɓa ta." Na ce, "Baba, da ma kai muka nufa."

Ya ku 'yan'uwana 'yan makaranta, yawancinku ba ku da kuɗi, amma Allah ya ba ku ƙafafu da numfashi, su ma dukiya ce wadda za a tambaye ku yadda kuka kashe ta. Kakanninmu sun sa wa wannan gudu suna ya da ƙanin wani, don a wurinsu gwanin gudu shi ne wanda ya bar na baya a ƙasa. Ba laifi ga tsere, yana da ranarsa. Amma in kun tashi gudu don taimako, ku duba da kyau ku ga ƙanin wani ya tashi a ƙarshensa. Allah ya sa mu dace, amin.