Wa Zai Raka Ka?

Ya kai saurayi mai karanta wannan 'yar takarda, ga shi an gama girbi, an ɗaure dammuna, an zuba a rumbu. Kai da mahaifinka kun duba, kun kuwa sani hatsin nan ba zai kai ku bazara ba. Gonar da kakanka ya noma shi kaɗai, yau gida biyar ke ci a cikinta. Aikin rake a fadama ba ya isar kowa. Tsaranka sun komo da waya da sabon takalmi, wani har da babur. To, bana kai ma ka ce za ka tafi cin rani, wannan ne kuwa karonka na fari.

Ba zan ce maka kada ka tafi ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, Maganar Allah kuma ba ta yabon rago. Kakanninmu na ƙasar Kance sun sha zuwa Kano da ƙafa, da jaki, suka yi rani suka komo kafin shuka. Tambaya ɗaya kaɗai nake so in yi maka. Wa zai raka ka?

Mahaifiyarka za ta raka ka har ƙofar gida, ta tsaya nan. Ƙannenka za su ɗaukar maka jaka har tasha. Da mota ta tashi, rakiya ta ƙare.

HANYA BIYU

Daga Matameye hanya biyu ce. Ta kudu takan bi Ɗan Barto da Kwangwalam, ta shiga Daura, ta kai Kano, waɗansu su zarce har Ikko. Can za ka iske 'yan garinmu suna ga-ruwa, suna shayi, suna dako, suna gadi, suna gyaran takalmi. Ta arewa takan bi Damagaram da Tanut, ta kai Agadas. Daga nan wani ya nufi Arlit da Asamaka zuwa Tamanrasat a Aljeriya, wani ya nufi Dirku zuwa Libiya. Tun 2014 kuma akwai masu bin labarin zinariya a Jado.

Kafin ka zaɓi ta arewa, ka tuna da 2013. Watakila kana yaro a lokacin, amma ka tambayi manya, ba su manta ba. A ƙarshen watan Oktoba na shekaran nan aka tsinci gawa 92 a hamada, tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu mutanen ƙasar Kance ne, namu na nan. Motoci biyu ne suka kwashe su, motocin suka lalace, ruwa ya ƙare. Masu binne su sun iske su rukuni rukuni, wani wuri uwa da 'ya'yanta a gindin itace. Ƙasar Nijar ta yi makoki kwana uku. Ba sata suka tafi yi ba, abinci suka fita nema, kamar kai. Kowannensu kuwa an raka shi tasha.

Wanda ya tsallake hamadar ma bai huta ba. Tun watan Disamba na 2014 Aljeriya take komo da 'yan Nijar mota mota. A 2024 kaɗai an koro mutum fiye da 30,000 zuwa Asamaka, 'yan ƙasashe dabam dabam. Waɗansu akan sauke su a fili, kilomita 15 daga garin, su ƙarasa da ƙafa cikin rairayi. Wanda ya zuga ka ka tafi, ya gaya maka wannan?

Ku kuma iyaye mata, bari in faɗa muku a fili, ko ba za ku ji daɗi ba. Ba da yaro aro domin a tafi da shi bara a titunan Aljeriya ba neman arziki ba ne. Yaro amanar Allah ne a hannunku, zai kuwa tambaye ku.

WANI SAURAYI DA YA RIGA KA

Cikin Littafi Mai Tsarki akwai labarin wani ɗan cin rani. Ka san sunansa, Yakubu ɗan Ishaku, jikan Ibrahim. Labarin yana cikin littafin Farawa, daga sura 28 zuwa 33. Yakubu ba mutumin daji ba ne kamar wansa Isuwa. Ɗan gida ne, ɗan lelen uwarsa Rifkatu. Rana ɗaya ya tashi daga Biyasheba zai tafi Haran wurin kawunsa Laban, tafiyar fiye da kilomita 700, kusan kamar daga nan zuwa Arlit. Ba raƙumi, ba bara, ba abokin hira. Sanda kaɗai ke hannunsa.

Rana ta faɗi masa a wani wuri da bai san kowa ba. Ya jawo dutse ya yi matashi da shi. Kai ma daren nan yana jiranka. Wataƙila a kan benci ne a tashar Agadas, wataƙila a bakin wani kanti a Kano, ka sa takalminka ƙarƙashin kai domin kada a sace. A daren ne za ka ji gida ya yi nisa, har ka ji kamar Allah ma can ka baro shi a Matameye.

Yakubu ya yi mafarki. Ya ga tsani kafe a ƙasa, kansa ya taɓa sama, mala'iku suna kai da kawowa a kansa. Ubangiji kuwa ya yi masa alkawari uku: zai kasance tare da shi, zai tsare shi duk inda ya sa ƙafa, zai kuma komo da shi ƙasarsu. Yakubu ya farka cikin tsoro da mamaki. Ashe Allah yana wurin tun da fari, shi ne bai sani ba. Ya kira wurin Betel, wato ɗakin Allah. Dubi wurin fa! Ba gini, ba bagade, ba mai wa'azi. Fili ne da dutse, da wani mutum mai gudun wansa.

Allah ba na gari ɗaya ba ne. Ba ya tsayawa a Ɗan Barto jandarma su duba masa takarda. Wani zai kawo maka laya ko guru daga wurin boka, ya ce ka ɗaura ka tafi da kariya. Ka yi tunani kaɗan. Abin da kai ne kake ɗaukarsa, ƙaƙa zai ɗauke ka ran da ƙafarka ta gaza? Rahila matar Yakubu ta saci gumakan ubanta ta ɓoye su cikin sirdin raƙumi, ta zauna a kansu. Daga baya Yakubu ya haƙa rami gindin wani itace a Shekem ya binne irin waɗannan abubuwa duka. Ba su taɓa tsare kowa ba.

KAYAN DA BA A GANI

Yanzu ga abin da ya fi nauyi. Me ya fitar da Yakubu daga gida? Ba yunwa ba ce. Ya ruɗi ubansa tsoho makaho, ya ƙwace albarkar wansa, Isuwa kuwa ya ƙudura zai kashe shi. Yakubu ya bar garin, amma laifinsa bai tsaya a garin ba. Ya bi shi har Haran, ya zauna da shi shekara 20. Ran da zai komo, da ya ji Isuwa yana tafe da mutum 400, sai tsohon laifin ya tashi sabo ful, kamar jiya aka yi shi.

Kai fa? Ban san abin da ke cikin jakarka ba, amma Allah ya san abin da ke cikin zuciyarka. Kuɗin motar nan, ta ina ka same su? Ko akuyar uwarka ka sayar ba da saninta ba? Ko akwai yarinyar da ka yi wa alkawari, ka ɓata ta, kana so ka ɓace kafin magana ta fito? Ko kun yi faɗa da wanka a kan gona, ka ce in ka tafi shi ke nan? Ɗana, ba shi ke nan ba. Direba ba ya karɓar kuɗin wannan kaya, amma ya fi buhun gero nauyi. Mutum yakan tsere wa garinsu, ba ya tsere wa zunubinsa.

Ga abin mamaki kuwa. Allah bai jira Yakubu ya gyaru tukuna ba. Yana mayaudari, yana kan gudu, Allah ya sauko masa da tsani. Ba Yakubu ya kafa tsanin ba, barci yake yi. Daga sama aka miƙo shi. Shekaru da yawa bayan haka Yesu Almasihu ya ɗauki mafarkin nan ya nuna wa Natanayilu cewa shi kansa ne tsanin, ka duba Yahaya 1:51. Shi ne ya bar gidan Ubansa ya zo duniya baƙo. Ya yi aikin sassaƙa da hannunsa. Ya san gajiyar tafiya, gama ya taɓa zama bakin rijiya a Samariya da tsakar rana yana roƙon ruwan sha. A kan gicciye ya ji ƙishi irin na mai mutuwa. Can ya ɗauki kayan nan naka da ba a gani, ya biya bashinsa da jininsa. A rana ta uku ya tashi daga matattu. Da yake shi rayayye ne, yana iya raka ka. Matacce ba ya rakiya.

Kada ka ji ni a karkace. Ban ce wanda ya ba da gaskiya ga Yesu motarsa ba za ta lalace ba, ko ba za a kore shi ba. Masu bi ma sukan mutu a hanya. Abin da na ce shi ne, ko a gindin itacen hamada ba za ka kasance kai kaɗai ba, in kuwa tafiyar ta ƙare can, akwai gidan da zai kai ka. Amma kada ka gwada Allah. Shiga motar da ba ta da isasshen ruwa, a bi ta ɓoyayyiyar hanya da dare, wannan ba bangaskiya ba ce, ganganci ne.

A GIDAN LABAN

Yakubu ya isa Haran, kawunsa ya rungume shi ya sumbace shi. Wata guda bayan haka aka fara maganar lada. Ya yi shekara 7 domin Rahila, aka ba shi Lai'atu cikin duhu. Ya ƙara 7. Ya yi 6 domin dabbobi. Sau goma Laban yana sauya masa lada. Rana ta ƙone shi, sanyin dare ya ci shi, barci ya gagare shi. In naman daji ya kashe tunkiya, shi ke biya. Mai yaudara ya gamu da wanda ya fi shi iyawa, ɗan'uwansa ne kuwa na jini.

Za ka gamu da Laban, ɗana. Sau da yawa ɗan garinku ne, shi ya sauke ka, shi ya samo maka aikin. Saboda haka ku yanke lada tun ranar fari, a gaban shaida. Kada ka ba kowa takardar shaidarka ya riƙe maka. In a Nijeriya kake, ka lissafta ladanka da sefa, ba da naira ba, gama a 2024 sai ka ba da fiye da naira 2,000 kafin ka sami jaka guda ta sefa. Abin da ya cika aljihu a Kano yakan zama ɗan kaɗan a kasuwar Matameye. Kada ka tara kuɗi a jikinka har ƙarshen rani. Ka riƙa aikawa gida kaɗan kaɗan.

In an cuce ka, kada ka rama da sata. Allah da kansa ya ce wa Yakubu ya ga dukan abin da Laban yake yi masa. Maigidanka yana da lissafi, Ubangiji ma yana da nasa.

Za a miƙo maka tiramol, a ce yana kashe gajiya. Gaskiya ne yana kashe ta yau, gobe kuwa sai ka ƙara ƙwaya, jibi ladanka duka ya tafi wurin mai sayarwa. Mun ga samari da suka tafi da ƙarfinsu, aka komo da su suna faɗuwa suna kumfa. Za a kuma nuna maka ɗakunan mata, a ce ai ba wanda ya san ka a nan. Yakubu ma ya zaci ba kowa a Betel.

KA KOMO

Rifkatu ta ce wa ɗanta ya je ya yi 'yan kwanaki kaɗan. Kwanakin suka zama shekara 20. Da ya komo, Littafi ya ambaci ubansa Ishaku, bai ƙara ambaton gamuwarsa da uwarsa ba. Akwai tsofaffi mata a ƙauyukanmu da suke zaune haka, ko sun ji ƙarar mota sai su ɗaga kai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da ya fi riƙe samari a waje ba arziki ba ne, kunya ce. Yaro ya tafi bai samu ba, ya ce ba zai komo hannu wofi a yi masa dariya ba. Rani ya wuce, damina ta wuce, ya daina kiran waya. Ka ji ni da kyau. In hadari ya fara haɗuwa a gabas, ka kama hanya, ko da abin da ka samu bai wuce kuɗin mota ba. Ubanka hannunka yake bukata a gona. Uwarka fuskarka take so ta gani, ba atamfa ba.

Kafin ka tashi, ka yi abin da Yakubu ya jinkirta shekara 20. Ka je wurin wanda ka yi wa laifi ka nemi gafara, ka mayar da abin da ba naka ba. Sa'an nan ka keɓe kai kaɗai, ka gaya wa Yesu Almasihu zunubanka da bakinka, da Hausarka, ka roƙe shi ya gafarta maka, ya zama Ubangijinka, ya tafi tare da kai. Ba sai da wani a tsakani ba.

In kana so, ka zo wurin fasto ko ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiya kwana biyu kafin ranar tafiya. Ko kai mai bi ne ko ba mai bi ba, ƙofa a buɗe take. Za mu yi addu'a tare da kai, mu ba ka Sabon Alkawari na Hausa wanda zai shiga aljihu, mu kuma rubuta maka inda za ka sami masu bi a garin da za ka. Ka zo da lambar wayar wani na gidanku, mu ajiye.