Gurar Wani

Tun da aka ba da hutun makaranta Auta yake damun kakansa da maganar fatsa. Wata Asabar cikin bazara, bayan sallar asuba, tsohon ya ce masa ya ɗauko gwangwani. Suka tono tana a bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Kaka ya ɗaure sandunan gora biyu a jikin keke, ya goya yaron a baya, suka nufi bakin ruwan Tiga.

Ruwan ya ja da baya sosai, kamar yadda yake yi duk shekara idan aka daɗe ana sakinsa ga masu noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Sai da suka taka busasshen laka mai tsattsagewa kafin su kai gaɓa.

"Abokina, ka ga can inda tsuntsayen nan suka sauka?" in ji Kaka. "Gonar mahaifina tana ƙarƙashin wurin. Ina kamar kai aka gama datse Kogin Kano, a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwa ya zo, aka tashe mu. Mu manoma ne, ko ƙugiya ba mu iya ɗaurawa ba. Baƙin masunta ne suka koya mana."

Ya nuna masa yadda ake zura tana har ta rufe bakin ƙugiya, ya ɗaura guntun totuwa a zaren don ta riƙa yawo a saman ruwa. Ya zaunar da shi kusa da ciyawa, domin nan karfasa ke zuwa kiwo idan hantsi ya ɗumama ruwa. Ya kuma kafa masa doka: ƙafarsa ba za ta taɓa ruwa ba. Tsohon ya yi fama da tsargiya yana yaro, ya san a irin wannan ruwa mai kwanciya da dodon koɗi ake ɗaukarta.

Totuwa ta motsa, Auta ya fizge da ƙarfi, ƙugiya ta fito babu tana babu kifi. Haka aka yi ta yi. Kaka bai yi faɗa ba, sai dai ya ce, "Bari ta nutse tukuna." Da rana ta ɗaga, abin da ke cikin bokitinsu karfasa biyu ne, kowace ba ta fi tafin hannun yaron ba. Shi kuwa ya riga ya cika wa yayyensa baki a gida cewa da giwan ruwa zai dawo.

Ya ajiye sanda, ya bi gaɓa yana jifa da tsakuwa. Can sai ga shi da gudu.

"Kaka! Zo ka ga tsintuwa!"

A bayan wani kututture, gura ce, irin tarkon nan na sanduna da raga da ake zuba wa dusa a ciki. An kafa ta cikin ruwa, amma ruwan ya janye ya bar rabinta a waje. A ciki wata ƙatuwar tarwaɗa ce mai kaurin damtse tana murɗa jiki cikin laka, ga karfasa wajen shida sun kwanta a gefe ɗaya, bakinsu na buɗewa yana rufewa.

"Babu kowa a nan," in ji Auta, muryarsa ta yi ƙasa. "In muka bar su ma mutuwa za su yi."

Gaskiya yaron ya faɗa, kuma irin wannan gaskiyar ce take sa hannun babba ma ya miƙe zuwa abin da ba nasa ba.

Kaka ya tsuguna, ya nuna masa wani jan ƙyalle da aka ɗaura a kan sandar gurar. "Wannan fa?"

"Tsumma ne."

"Sunan mai ita ne. Ban san shi ba, amma na san jiya da yamma ya sayi dusa da kuɗinsa, ya shigo ruwan nan ya kafa ta, da waɗansu da yawa a wurare daban-daban. Ba zai iya gadinsu ba. Ya tafi gida ya yi barci saboda ya yarda wanda ya gani zai wuce. Ran da aka daina wucewa, kowa sai ya kwana a bakin ruwa da sanda, Sarkin Ruwa kuma ba zai huta da shari'a ba."

Auta ya sunkuyar da kai. "To mu tafi."

"A'a. Ai ka ce za su mutu."

Tsohon ya naɗe wando har gwiwa, ya cire takalmi. Ya ce tarwaɗa tana shaƙar iska, za ta jure har azahar, amma karfasa ba su da wannan ƙarfin, kuma ga shaho yana shawagi. Ya tumɓuke gurar a hankali, yana kiyaye ƙayar da ke gefen wuyan tarwaɗar, ya ja ta zuwa inda ruwa ya kai masa cinya. Auta ne ya yi ta miƙo masa duwatsu daga gaɓa har aka danne ta. Sannan Kaka ya sa shi ya samo doguwar sanda, aka kafa, aka mai da jan ƙyallen samanta yadda za a hango shi daga nesa.

Suna naɗe zare sai ga wani mutum a kan gora, ya kifa cikinsa a kansa yana tuƙi da hannu. Ya nufi jan ƙyallen, ya ɗaga gurar, ya juye kifin cikin bakin goransa, ya sake zuba dusa. Ya ɗago hannu.

"Sannunku da fatsa, Baba!"

"Yauwa, sannu da ruwa! Allah Ya ba da sa'a."

"Amin, amin."

Auta ya buɗe baki, Kaka ya dafa kafaɗarsa. Mutumin ya wuce zuwa gura ta gaba.

Sun yi nisa a kan keke kafin yaron ya yi magana, muryarsa cike da haushi. "Me ya sa ba ka gaya masa mu ne ba? Bai ma san an taɓa ta ba."

"In na gaya masa, me zai yi?"

"Zai gode."

"Zai gode, kuma kunya za ta sa ya miƙo maka tarwaɗar nan. Ita ce ta fi komai kuɗi a goransa, wataƙila ita ce cefanen gidansa na yau. Ka ga mun karɓe ta ke nan, ta wata ƙofar."

Auta bai ce komai ba har suka shiga gari.

A gida yayyensa suka taru kan bokiti, suka fashe da dariya. "Ina giwan ruwan?" Ya dubi kakansa, tsohon yana can yana jingine keke. Yaron ya ɗauki karfasarsa biyu ya kai wa mahaifiyarsa a madafa.

"Inna, ni na kama su da kaina. A soya, a ba Kaka babbar."