Madubi: Abin Dubawa Ne Ko Abin Kallo?

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu gardama ce muka yi da wani abokin zamana a ɗakin kwanan ɗalibai. Wata safiya yana tsaye gaban madubi yana gyara hula, sai ya ce da ni Turawa ɓarayi ne, har sunan wannan abu ma daga Larabawa suka sato shi. Hujjarsa ita ce Balarabe ya ce mir'a, Bature ya ce mirror, kowa ya saurara ya ji abu guda ne. Ba zan ɓoye ba, raina ya so maganar. Amma da na shiga laburare na buɗe ƙamus sai na tarar kama da wane ba wane ba ne.

Kalmar Larabci gini ce mai kashi biyu. Akwai ɗafa-goshi mi-, mai nuna kayan aiki, sa'an nan akwai aikatau ra'a, wato ya gani. Haka suka gina miftahu daga fataha, ya buɗe. Ita kuwa ta Ingilishi, harafin m da ke farkonta na jikin saiwa ne. A ƙarni na 13 ta shigo daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga kalmar Latin mirari, wadda ke nufin yin mamakin abu. Daga saiwar nan ne Turawa suka sami miracle, kalmarsu ta mu'ujiza. Dacewa ce kawai ta haɗa sautin biyun.

Ɗan'uwan mir'a na gaskiya yana nan cikin bakinmu. Madubi dai ma- ne da duba da -i, kamar yadda muka yi mabuɗi daga buɗe, matsefi daga tsefe, ma'auni daga auna. A jera mabuɗi da miftahu a ga yadda ginin ya zo ɗaya. Wannan ba aro ba ne. Masana, irin su Joseph Greenberg a littafinsa na 1963 kan harsunan Afirka, sun sanya Hausa da Larabci cikin babban dangi guda na Afro-Asiya, kuma ana lissafa wannan m ta kayan aiki cikin gadon da suka ci tare.

To, amma ga inda abin ya fi ja mini hankali. Bahaushe yana da gani, yana da kallo, yana da duba. Gani yakan zo wa mutum ko bai nema ba. Kallo na nishaɗi ne, shi ake yi wa dambe da hawan salla, a watse ba a ɗauki nauyin kome ba. Duba kuwa aiki ne da niyya a bayansa. Likita yana duba marar lafiya, malami yana duba takardun jarrabawa, uwa takan ce a duba mata tukunya kada ta ƙone. Duk wanda ya duba, ana sa ran zai yi wani abu game da abin da ya tarar. Cikin ukun nan, na ƙarshen aka zaɓa aka raɗa wa madubi suna da shi. Ba mu ce makalli ba. Da kuma mun bi Larabawa mun ɗauki gani, da sai mu ce magani, ga shi kuwa wannan suna yana da mai shi.

Mutanen Hindu na dā ma sun lura da fuska biyun nan. A harshen Sanskrit akwai darpana, wadda masu ƙamus ke dangantawa da saiwar girman kai, wato abin da ke sa mutum jin kansa. Akwai kuma adarsha, daga saiwar gani, wadda a Hindiyancin yau ta koma tana nufin abin koyi. Mu ma haka muke cewa wane madubi ne ga matasa.

A nan ne na kusa faɗawa ramin da abokina ya faɗa. Na fara raya wa kaina cewa ashe Bature mamakin kansa yake yi, Bahaushe kuwa bincikar kansa yake yi, saboda haka mun fi su tarbiyya tun daga harshe. Maganar tana da daɗi a taron ƙungiya, za a tafa mata. Sai dai ba ta da tushe. Baturen da ke aske gemu bai san wata mirari ba, kuma su Romawan, masu Latin ɗin, speculum suke kiran madubi, daga specere, wato dubawa, daidai da namu. Daga gare ta Jamusanci ya sami Spiegel. Mu kuma da muke da sunan kirki, a tsaya bakin ɗakin lacca a ƙirga masu ɗaga waya suna karkata kai suna ɗaukar kansu hoto. Wannan kallo ne tsantsa, har wayar ma an koya mata ta share ƙuraje ta ƙara haske kafin mai ita ya ga kansa. Asalin kalma yana gaya mana abin da masu raɗa sunan suka nufa da kayan. Bai isa ya ba jikokinsu shaidar hali ba.

Duk da haka ban yarda cewa sanin asalin aikin banza ne ba. Yana tuna mana tambayar da muka daina yi: in na tsaya gaban abin da ke nuna mini kaina, aibi nake nema ko yabo? Madubin mutanen dā na tagulla ne ko wani ƙarfe da aka goge, in an bar shi sai ya dushe. Shi ya sa Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kamanta zuciya da madubin da tsatsa ke ci, mai bukatar a yi ta goge shi. Su sai sun wahala kafin su ga fuskarsu. Tun da Justus von Liebig, wani Bajamushe, ya fito da hanyar shafa azurfa a bayan gilashi a 1835, madubi ya yi ta araha har ya kai ko'ina. Ganin kai ya zama kyauta, duba kai kuwa yana nan da tsadarsa, domin laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Mu ɗaliban Hausa abin ya fi shafa. Kullum muna rubuta cewa adabi madubin al'umma ne, har jimlar ta zama kamar sallama a farkon amsar jarrabawa. In da gaske muke, to, wajibi ne mu yarda ya nuna mana bara da auren dole da raina mai sana'a, kamar yadda yake nuna kunya da karamci. Sau nawa muka zaɓi kalma ko karin magana don kawai za ta nuna mu da kyau?

Da na kai wa abokina abin da na samo, ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai har yanzu kunnensa bai yarda ba. Sa'an nan ya ce in duba masa bayan hularsa ko ta karkace, tun da madubin ba ya nuna ƙeya. Ta karkace kuwa.