Ka bar taba, amma ƙirjinka bai yafe maka ba?

Ga tambayar da nake so mu yi tunani a kai: idan mutum ya bar abu mara kyau, shin ya cancanci a biya shi nan take? Zuciya tana cewa e. Jiki kuwa ba haka yake lissafi ba.

Ka ajiye sigari wata biyu ke nan. Ka sayi takalmin gudu, ka fita sassarfa da safe cikin sanyin Ingila, ko minti biyar ba ka yi ba ƙirji ya ɗau zafi, haki ya taso, ga tari da kaki. Sai ka ce, "Haba! Ai lokacin da nake sha ma ban ji haka ba." Na sha jin wannan maganar a wurin aiki, kuma akwai gaskiya a cikinta.

Bari in gaya maka abin da ke faruwa. Hanyoyin iskar huhu suna da wasu ƙananan gashi masu share majina da datti zuwa sama. Hayaƙin taba yana kashe musu ƙarfi. Da ka daina, sai su farfaɗo su kama sharar da ta taru shekara da shekaru, shi ya sa tari kan ƙaru kafin ya ragu. Ga kuma busasshiyar iska mai sanyi tana bugun hanyoyin da ba su gama warkewa ba, ga naman tsakanin haƙarƙari da ya manta da aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tari da haki kan lafa ne tsakanin wata 1 zuwa 9. Haɗarin ciwon zuciya sai bayan shekara guda yake komawa kusan rabi, na kansar huhu kuwa sai wajen shekara 10.

To a nan ne mutane ke rabuwa gida biyu, kuma a ganina duka sun kauce hanya. Na farko yana cewa, "Tunda ban ga amfani ba, gara in koma." Shi ciniki ya ɗauki barin laifi, in ba a ba shi canji ba zai karɓi kuɗinsa. Na biyu yana cewa, "Alhakina ne, ni na jawo wa kaina," sai ya haɗiye ciwon, yana jin kunyar zuwa asibiti. Shi kuma ya mai da kansa alƙali, ya yanke wa kansa hukuncin da ba wanda ya ɗora masa.

Ka tuna abin da malamai ke koya mana kan tuba: nadama tana goge zunubi, amma ba ta goge bashin mutane, sai an biya. Jikinka amana ne, kuma yana binka bashi. Ba fansa yake ɗauka ba, gyara yake yi, gyara kuwa da ƙura yake zuwa.

Ba zan yi maka daɗin baki ba, akwai abin da ba ya dawowa. Ƙananan jakunkunan iska da hayaƙi ya riga ya lalata ba sa sake tsirowa. A 1977 Fletcher da Peto sun wallafa binciken da aka yi kan maza ma'aikata a Landan: wanda ya daina ba ya samun ƙarfin numfashin da ya rasa, amma saurin lalacewar yana komawa kusan irin na wanda bai taɓa sha ba. Binciken da Richard Doll ya fara kan likitocin Birtaniya a 1951, aka bi su shekara 50, ya nuna mai dainawa yana ɗan shekara 40 kan ƙwato kimanin shekara 9 na rayuwa, mai shekara 60 kuma kimanin 3. Ka ga ladan yana nan, sai dai lada ne da ba a jinsa a ƙirji. Ba wanda ke jin daɗin ciwon da bai same shi ba.

Shi ya sa nake ganin darajar barin mugun abu ba ta rataya a kan jin sauƙi ba. Da sauƙi na zuwa washegari, ai da kowa ya bari.

Amma fa haƙuri daban, sakaci daban. In ciwon ƙirji yana matse ka yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, tsaya ka kira 999, kar ka ce bari in gani. In ka ga jini a kaki, ko tari ya wuce mako uku, ko kana ramewa ba dalili, je wurin likitanka a yi awon numfashi da hoton ƙirji. Ka faɗi gaskiyar shekara nawa ka sha da kara nawa a rana. Wallahi ba mu tsaya can don mu yi maka wa'azi ba.

In kuwa an duba an ce lafiya, to rage gudu. Fara da tafiya mai ɗan sauri wadda za ka iya hira a cikinta, ka rufe hanci da baki da mayafin wuya in ana sanyi, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako. Sannu ba ta hana zuwa. Huhun da ya jure maka shekara ashirin, ya cancanci ka jure masa wata tara.

Allah ya ƙara mana lafiya.