Tsuntsu Ba Ya Jiran Mai Kyamara

Karatu: Irmiya 8:4-7, Luka 19:41-44

Idan Ubangiji ya ba ka hutu a lokacin hunturu, kuma hanya tana da lafiya, ka gwada zuwa Dagona, a ƙasar Bade ta jihar Yobe, cikin fadamun Haɗeja da Nguru. A nan za ka tarar da tsuntsayen da suka taso daga Turai gudun sanyi, suka ƙetare hamadar Sahara, suka sauka tare da namu na gida, su dinya da zalɓe da belbela. Wajen watan Oktoba suke fara zuwa, kafin zafin bazara ya kankama kuma sun koma.

Ka lura da masu zuwa ɗaukar hotonsu. Tun da asuba suke fita, cikin sanyi da hazo. Ba sa sa farin kaya, ba sa hira, wayarsu ma a kashe take. Mutum zai tsuguna a bayan ciyawa awa biyu, ƙafa ta yi tsami, sauro na cizo, bai motsa ba. Sa'an nan tsuntsun ya sauka, ya tsaya kamar ƙiftawar ido, ya tashi. Wanda ya juya yana neman ruwan sha a jaka, ko yana duba hoton da ya ɗauka ɗazu, sai dai a ba shi labari. Ba a ce wa tsuntsu, "Dakata in gyara kyamara."

Annabi Irmiya ya san wannan. Ƙasar Isra'ila tana kan hanyar da tsuntsaye suke bi tsakanin Turai da Afirka, har yau dubbansu suna ratsa ta sau biyu a shekara. Saboda haka da Ubangiji ya so ya kunyata mutanen Yahuza, bai kawo misalin malaman wata ƙasa ba. Tsuntsaye ya nuna musu. Shamuwa da kurciya da 'yan'uwansu suna kiyaye lokacin zuwansu da na komawarsu, amma jama'ar da ke da Haikali da firistoci da Shari'a a rubuce, an kira su su juyo, sun ƙi. Mu ma ba baƙon abu ba ne a gare mu. Manomi yana ganin shamuwa ta fara sheƙa a kan itacen gari, ya san damina ta kusa, sai ya ɗauko fartanya. Ba ta da kalanda, amma ba ta makara.

Kai fa? Yaushe Ruhu Mai Tsarki ya fara yi maka magana a kan abin nan? Ka san abin da nake nufi. Wataƙila ɗan'uwanka ne da kuka yi shekara uku ba ku gaisa ba saboda gonar gado. Wataƙila kuɗin wani ne da ke hannunka, ko wata hulɗa da matarka ba ta sani ba. A taron farkawa ka ji zuciyarka ta karye, har ka yi hawaye, ka ce sai bayan Kirsimeti. Kirsimeti ta wuce, ka ce sai bayan azumin Janairu. Yanzu idan an yi wa'azi a kan abin, ba ka jin zafin da ka ji da farko, kana kuma zaton salama ce ka samu. Ba salama ba ce, zuciya ce take taurarewa.

Mu da muke addu'a da murya mai ƙarfi muna bukatar mu ji wannan. Yabo da harsuna da tafi duk suna da kyau, kada ka daina. Amma akwai wanda zai yi awa guda yana faɗa wa Allah bukatunsa, ya ce amin, ya tashi, bai ba da ko minti biyar ya saurara ba. Wani kuma lokacin da ikon Allah ke sauka a sujada, waya ce a hannunsa yana ɗauka don ya sa a Facebook. Ya koma gida da bidiyo, wanda ke kusa da shi ya koma da warkarwa.

Yesu ya yi kuka a kan Urushalima domin ba ta gane lokacin da Allah ya ziyarce ta ba. Ya yi tafiya a titunanta, ya koyar a Haikalinta, suna ta harkokinsu. A shekara ta 70 sojojin Roma suka rushe birnin da Haikalin.

Yau, kafin ka taɓa waya, ka zauna shiru minti goma a gaban Ubangiji da Littafi Mai Tsarki a buɗe. Sunan da ya zo zuciyarka, ka kira mutumin kafin rana ta faɗi.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini jinkirina. Ka sāke yi mini magana a kan abin da na yi ta ɗagawa, ka ba ni ƙarfin yinsa yau. A cikin sunan Yesu. Amin.