Hakkin Dabba a Kan Mai Kiwonta



Na sani wani zai yi mamakin jin zancen alade a nan Gusau, inda da wuya a ga ko ɗaya, haka kuma a Tsafe da Bunguɗu. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa cinsa, muna kuwa girmama wannan. Amma da yawa daga cikinmu, da kuɗin aladen da iyayenmu suka sayar a kasuwar Katsit ta Kafanchan, mai ci ranar Alhamis, aka biya mana makaranta. Ga shi yanzu 'ya'yanmu suna neman jari domin su kafa manyan gonaki irin na Turai can gida.

To, ku ji abin da ake yi a da yawa daga irin gonakin nan. Ana kulle uwar aladu cikin kejin ƙarfe mai tsawon kimanin mita 2, faɗinsa santimita 60. Tana iya tashi, tana iya kwanciya, amma ba ta iya juyawa. Cikinta kwana 114 ne, a nan za ta ƙare su a kan siminti. Allah ya ba ta hanci domin tonon ƙasa, ya kuma yi ta ba ta gumi kamarmu, sai da laka take sanyaya jikinta. Duka biyu an hana ta. 'Ya'yan kuwa, da yake ƙunci yana sa su cizon juna, sai a datse musu wutsiya maimakon a ƙara musu fili. Ingila ta haramta wannan keji a 1999. Ashe abin da wasu suka tuba suka bari, shi za mu ɗauko?

Ikilisiya ba ta hana mu cin nama ba. Katikisim ɗin da ya fito a 1992, a sashe na 2417 da 2418, ya halatta amfani da dabba domin abinci da sutura, amma ya koyar cewa azabtar da ita ba gaira ba dalili ya saɓa wa mutuncin ɗan Adam. Ku lura da kyau: mutuncin mai kiwon ne yake zubewa.

Saboda haka, wanda zai gina gona, ya bar wa dabbar wurin juyawa, da inuwa, da ruwa, ko da ribar ta ragu. Mu da ba mu da alade kuma, mu duba kajin da muke ratayewa kai ƙasa a babur daga kasuwa, da akuyar Kirsimeti da ke wuni ɗaure cikin rana a tsakar gidanmu.